Gani Ya Kori Ji? Raddi Ga Masu Cewa Duniyoyin Wasu Taurari Zane Ne Kawai

Duk sanda labari ya fito cewa masana sun gano wata duniya tana kewaya wani tauraro can nesa, ba a rasa wanda zai ce tatsuniya ce. Hujjar kuwa ba ta sauyawa. A dubi hoton da aka liƙa wa labarin: dunƙulen ƙasa mai duwatsu, ga wata jar rana tana faɗuwa a bayansa, wani lokaci har da teku. A ƙarƙashinsa kuma, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa aikin mai zane ne. To, in ji masu wannan ra'ayi, da sun gani ai da sun nuna mana na gaskiyar. Tun da sai da suka nemo mai zane, ba su ga komai ba ke nan. Gani ya kori ji.

Masu wannan magana ba mutanen banza ba ne. Akwai malaman makaranta a cikinsu, akwai masu zurfin karatu, kuma abin da ya sa suke faɗar haka hali ne mai kyau, wato ƙin haɗiye duk abin da aka miƙo musu don kawai daga Turai ko Amurka ya fito. Ina ganin girman wannan hali, shi ya sa zan fara da ba su gaskiyarsu. Hotunan nan zane ne. Cikin duniyoyi sama da 6,000 da aka tabbatar zuwa shekarar 2025, waɗanda aka ɗauki hotonsu kai tsaye ba su wuce kashi biyu cikin ɗari ba, su ɗin ma ɗigon haske ne kurum, kamar manyan nan huɗu da ke kewaya tauraron HR 8799. Babu mahalukin da ya taɓa ganin dutse ko teku a wata duniya da ba Rana take kewayawa ba. 'Yan jarida kuma sukan ƙara gishiri, su ce an samo tagwayen duniyarmu, alhali abin da ke hannun masanan bai kai nan ba.

Inda na rabu da 'yan'uwana shi ne cewar da suke yi tun da babu hoto, babu hujja. Akwai hujja, kuma ta fi hoto ƙarfi, don a wannan zamani yaro ma yana iya haɗa hoton ƙarya da wayarsa. Abin da masanan suka dogara a kai awo ne na haske, wanda wani zai iya maimaitawa da wata na'urar a wata nahiyar, kuma ya sha ƙaryata masu shi a bainar jama'a.

In aka bi da hasken tauraro ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ko ta na'urar da aka ƙera don haka, sai ya warware zuwa launuka irin na bakan gizo. A 1814 wani maƙerin gilashi Bajamushe, Joseph Fraunhofer, ya lura cewa bakan hasken Rana yana cike da ɗaruruwan siraran layuka baƙaƙe. Wajajen 1859 masana biyu, Kirchhoff da Bunsen, suka gano dalili: kowane sinadari yana shanye haske a wasu gurabe nasa na kansa, ƙarfe da nasa, gishirin sodiyam da nasa, babu mai shiga gurbin wani. A 1868 aka ga wani layi ruwan ɗorawa a hasken Rana da bai dace da wani sinadari da aka sani ba, aka ce lallai sabon sinadari ne. Da yawa sun yi tababa. Sai a 1895, bayan shekara 27, William Ramsay ya tatso shi daga wani dutse a ɗakin bincike. Hiliyam ke nan, iskar da ake hura balan-balan da ita a yau. An san da shi ta hanyar layin haske tun ba a riƙe shi a kwalba ba.

Waɗannan layuka kuma ba a kafe suke ba. Christian Doppler ya bayyana a 1842 cewa in abin da ke fitar da sauti ko haske yana matsowa, igiyoyinsa sukan takure, in yana ja da baya sukan miƙe. Bayan shekara uku wani masani a Holan, Buys Ballot, ya ɗora masu busa ƙaho a jirgin ƙasa, ya tsayar da masu kunnen kiɗa a bakin dogo, suka ji muryar ƙahon ta yi sama da jirgin ya tunkaro, ta yi ƙasa da ya wuce. Haka tauraro: in ya matso, layukansa su gusa wajen shuɗi, in ya ja baya su gusa wajen ja. Duniyar da ke kewaya tauraro kuwa ba shi kaɗai ke janta ba, ita ma tana jansa gwargwadon nauyinta, sai ya riƙa yin ɗan rangaji, ya matso ya koma, daidai da tsawon shekararta. Da wannan rangajin Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniyar farko da ke kewaya tauraro irin Rana, a 1995, daga wata cibiyar hangen taurari a kudancin Faransa. Tauraron 51 Pegasi ne, yana matsowa yana komawa duk kwana huɗu da 'yan awoyi. Cikin 'yan kwanaki masanan Amurka, waɗanda ke gasa da su a wannan fage, suka juya nasu madubin a Kaliforniya suka ga abu ɗaya. An ba mutanen biyu kyautar Nobel a 2019.

Wahalar ita ce ƙanƙantar rangajin. Mushtari, duk girmansa, yana girgiza Rana da gudun kusan mita 12 da rabi a daƙiƙa. Duniyarmu kuwa santimita 9 kacal take iya yi, kuma sai an jira shekara guda kafin ta kammala zagaye ɗaya. Wannan ne ya karkato da hankalin masana ga ƙananan jajayen taurari, waɗanda su ne kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin da ke gungunmu, ko da yake dushewarsu ta sa in ka ɗaga kai da dare da wuya ka ga ko ɗaya da ido. Ƙaramin tauraro ba shi da nauyin da zai dake, don haka ƙaramar duniya ma tana jijjiga shi sosai. Ga shi kuma bai da zafi, saboda haka duniyar da za ta samu ɗumi matsakaici sai ta matso kusa da shi, shekararta ta zama ta kwanaki kaɗan, jan da take yi masa ya ƙaru. Maƙwabcinmu mafi kusa, Proxima Centauri, wanda haske ke ɗaukar shekara 4.2 kafin ya iso mana daga gare shi, nauyinsa bai wuce kashi 12 cikin ɗari na Rana ba. A watan Agusta na 2016 ayarin da Guillem Anglada-Escudé ya jagoranta ya sanar cewa yana rangaji duk kwana 11.2, da gudun kusan mita 1.4 a daƙiƙa, wato saurin tafiyar mutum da ƙafa. Duniyar da ke jansa ta kai nauyin tamu ko ta ɗara kaɗan, amma girgizar da take yi masa ta ninka wadda tamu ke yi wa Rana kusan sau goma sha biyar.

Sai dai ƙaramin tauraro yana zuwa da tasa matsalar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda ƙarfe ke sauya launi. Da an sa shi a wuta ana zuga, kafin ya yi ja za ka ji hucinsa a fuska alhali baƙi ne ƙirin. Can sai ya yi ja mai duhu, ya koma jajir, ya yi ruwan ɗorawa, in zugar ta yi ƙarfi ya doshi fari. Taurari ma haka suke. Fuskar Rana ta kai digiri 5,500, shi ya sa ƙololuwar ƙarfin haskenta ta faɗo inda idonmu ke gani. Ta Proxima kuwa ba ta wuce digiri 2,800 ba, wasu ma ba su kai haka ba, don haka mafi yawan haskensu yana fita ne a bayan ja, inda ido ba ya kaiwa. Wannan hasken bayan ja, infirared a bakin masana, William Herschel ne ya gano shi a Ingila a 1800, da ya ajiye ma'aunin zafi gaba da jan launin bakan, inda babu komai a ido, ya ga ya hau. Wanda ke son ya gan shi yau sai ya ɗauki rimot ɗin talabijin, ya saita bakinsa ga kyamarar wayarsa, ya danna. A wayoyi da yawa zai ga ɗan ƙwan yana walƙiya a fuskar wayar, alhali da ido babu abin da ya gani. Idon ɗan Adam yana ganin haske ne daga tsawon igiya nanomita 400 zuwa 700, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Hasken Proxima kuwa ya fi ƙarfi a wajajen nanomita 1,000.

Saboda haka aka ƙera sababbin na'urorin warware haske musamman don wannan yanki. Akwai CARMENES a Calar Alto, kudancin Sifen, aikin haɗin gwiwar Jamus da Sifen da ya fara a 2016, mai hanyoyi biyu, ɗaya ta hasken ido ɗaya ta bayan ja. Akwai HPF a madubin Hobby-Eberly mai faɗin mita 10 a jihar Texas. A kan dutsen Mauna Kea na Hawai akwai SPIRou, akwai kuma IRD ta Japan a madubin Subaru, wadda ta gano duniyar Ross 508 b a 2022. A La Silla ta ƙasar Cile an girka NIRPS, ta fara aiki a 2023.

Ya kamata mai tababa ya san irin wahalar da ke cikin wannan awo, don a nan ake gane ko wasa ake yi ko aiki. Gudun mita ɗaya a daƙiƙa yana gusar da layin haske da kashi ɗaya cikin miliyan 300 na tsawon igiyarsa. A kan allon da ke karɓar hasken, wannan bai fi kusan kashi ɗaya cikin dubu na ƙwayar ɗigo guda ba. In ƙarfen na'urar ya ɗan ɗumama ya miƙe, ko nauyin iskar ɗakin ya sauya, gusawar da zai haifar ta ninka wannan sau ɗaruruwa. Shi ya sa ake kulle na'urar cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskarta, a ajiye ta a ɗaki na daban, a kawo mata hasken tauraron ta zaren gilashi. A yankin bayan ja abin ya fi tsanani, don duk abin da ke da ɗumi yana fitar da wannan haske, har jikin na'urar kanta, kuma in ba a sanyaya ta ba sai nata hasken ya rufe na tauraron. HPF tana zaune a digiri 93 ƙasa da sifili, ana tsare sanyinta kada ya motsa da fiye da kashi ɗaya cikin dubu na digiri. SPIRou ta ma fi ta sanyi, kusan digiri 200 ƙasa da sifili. Ga kuma tururin ruwan da ke samanmu, wanda ke shanye hasken bayan ja ya zana nasa layukan a kan na tauraron, kuma yawansa yana sauyawa daga dare zuwa dare. Dole a ƙididdige su a cire. Dole kuma a cire gudun duniyarmu kanta, wadda ke ɗauke da madubin tana kewaya Rana da kilomita 30 a daƙiƙa.

Da me ake auna gusawar? Ana buƙatar ma'auni da ba ya motsi. Da can fitilar toriyam da agon ake haskawa cikin na'urar, don an san guraben layukanta daidai, amma a bayan ja layukan nata sun yi ƙaranci. Sai aka koma ga fitilar yuraniyam da niyon, daga baya kuma ga abin da ake kira matajin leza: leza ce mai fitar da dubban layuka a jere, tazararsu ɗaya, an ɗaure ta da agogon atam. Wannan dabara na cikin abin da ya sa aka ba John Hall da Theodor Hänsch kyautar Nobel a 2005. Da irin wannan matajin HPF ta nuna a 2019 cewa tana iya auna tauraron Barnard da kuskuren da bai wuce kusan mita ɗaya da rabi a daƙiƙa ba.

Ba zan cika baki a kan hasken bayan ja ba. Proxima b, wato duniyar Proxima Centauri da na ambata, da HARPS aka gano ta, na'urar hasken ido ce. Masu CARMENES ma sun tarar cewa ga mafi yawan jajayen taurari, awon ya fi kyau a bakin iyaka, tsakanin nanomita 700 da 900, kuma duniyoyi biyun da suka gano a 2019 suna kewaya tauraron Teegarden, mafi yawan hujjarsu daga hanyar hasken ido ta fito. Inda bayan ja ya zama dole shi ne ga taurari mafi sanyi da dushewa, kamar LHS 3154, wanda HPF ta gano a 2023 cewa wata duniya mai nauyin tamu sau 13 tana kewaya shi duk kwana 3.7, nauyin da lissafin masana ya ce bai kamata ƙaramin tauraro irin wannan ya iya haifarwa ba. Sai kuma wani amfani na biyu, wanda a wurina shi ne ya fi shafar gardamarmu.

Taurari suna da tabo, kamar yadda Rana ke da baƙaƙen tabo a fuskarta, kuma ƙananan jajayen nan sun fi ta yawansu. Tauraro yana juyawa, gefe ɗaya na matsowa ɗayan na ja baya. In tabo ya rufe wani yanki na gefen da ke matsowa, sai layukan su karkata kamar tauraron ya ja baya, in ya zagayo ɗaya gefen su karkata akasin haka. A takarda sai ya yi kama da rangajin da duniya ke haddasawa. Ta yaya za a bambance? Duniya ta gaskiya tana jan tauraron ne gaba ɗayansa, don haka gudun da za a auna ɗaya ne a kowane launi. Tabo kuwa duhunsa ya fi fitowa a hasken ido, a bayan ja bambancinsa da sauran fuskar tauraron yakan ragu, sai alamar ta ƙanƙance. A farkon 2008 wasu masana a Jamus sun sanar da wata ƙatuwar duniya a jikin matashin tauraron TW Hydrae. Kafin shekarar ta ƙare, ayarin Nuria Huélamo ya auna tauraron da na'urar bayan ja ta CRIRES a Cile, suka tarar rangajin ya kusan ɓacewa. Tabo ne. Duniyar ta fita daga lissafi.

Labarin tauraron Barnard ya fi kowanne nuna yadda abin ke tafiya. Ƙaramin jan tauraro ne, tafiyar haske ta shekara shida daga nan. A 1963 Peter van de Kamp, babban masani mai daraja a Amurka, ya ce ya gano duniya irin Mushtari tana kewaya shi, bayan ya kwashe shekaru yana auna matsayin tauraron a dubban hotuna. Maganar ta shiga littattafan makaranta. A 1973 George Gatewood da Heinrich Eichhorn suka sake awon da wasu madubai, ba su ga komai ba, aka kuma gano cewa gyare-gyaren da aka yi wa madubinsa ne suka haifar da gusawar. A 2018 wani babban ayari ƙarƙashin Ignasi Ribas, masanin da ke cikin jagororin CARMENES, ya haɗa awon shekara ashirin ya sanar da wata duniya mai shekarar kwana 233. Duniya ta ɗauka, masu zane suka zana ta da ƙanƙara. A 2021 Jack Lubin da abokan aikinsa suka shigo da awon HPF na bayan ja, suka nuna cewa alamar ba ta dawwama ba, tana zuwa tana tafiya, kuma ta samo asali ne daga juyawar tauraron da tabonsa, haɗe da giɓin watannin da ba a iya hangensa a kowace shekara. Ita ma ta faɗi. Sai a 2024 na'urar ESPRESSO a Cile ta ga wata alama dabam, ta kwana 3.15, mai gudun kusan rabin mita a daƙiƙa. A wannan karon masana ba su saki jiki ba sai da wani ayarin, da wata na'urar mai suna MAROON-X da ke Hawai, ya fito da nasa awon a 2025. Ya ga ta kwana 3.15 ɗin, ya kuma tabbatar da cewa su huɗu ne, dukkansu ƙanana, mafi nisansu ba ta kai mako guda tana zagaye ba.

Na san abin da ɗan'uwana zai ce: ka gani, da bakinka ka faɗa, sau biyu suna kuskure a tauraro ɗaya. Gaskiya ne. Amma wa ya kama kuskuren? Abokan sana'arsu ne, da irin wannan awon, suka buga a mujallun da kowa ke karantawa. Da haɗin baki ake yi don yaudarar duniya, babu dalilin da zai sa masanan Amurka su rushe sanarwar na Sifen, ko na Suwizalan su fito cikin makonni biyu a 2010 su ce ba su ga Gliese 581 g ba, duniyar da jaridu suka riga suka yi wa shela a matsayin mazaunin rai. A wannan sana'a, mai neman suna yana samunsa ne in ya gano sabuwar duniya, yana kuma samunsa in ya kashe ta wani. Abin da ya tsira daga hannun irin waɗannan masu gasa ya cancanci a saurare shi.

Akwai kuma shaida ta biyu da ba ta da alaƙa da rangaji. In hanyar duniyar ta bi ta tsakaninmu da tauraronta, duk zagaye sai ta tare wani yanki na haskensa, ya ɗan dushe na wani lokaci. A nan ma ƙaramin tauraro ya fi sauƙi: duniyarmu in ta gilma ta gaban Rana ba ta rage ko kashi ɗaya cikin 10,000 na haskenta, amma ta farko cikin duniyoyi bakwai na TRAPPIST-1, tauraron da bai fi Mushtari girma da yawa ba, tana rage kusan kashi 7 cikin 1,000. An gano duniyar Gliese 436 b ta hanyar rangaji a 2004, mai zagayen kwana 2.6. A 2007 Michaël Gillon na Beljiyam ya sa ido a lokacin da lissafi ya ce za ta gilma, sai hasken ya dushe a kan kari. Haka aka yi da Gliese 486 b: CARMENES ta fara ganin rangajin kwana ɗaya da rabi, sannan kumbon TESS na hukumar NASA, daga sararin samaniya, ya ga tauraron yana dushewa da wannan tazarar daidai. Rangajin ya ba da nauyi, kusan ninki uku na duniyarmu, dushewar ta ba da faɗi, kusan ɗaya da sulusi, biyun a haɗe suka nuna cewa dutse ce ba iska ba. Hanya biyu, na'ura biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kuma kowace tana iya ƙaryata 'yar'uwarta. Ban ga yadda mai zane zai shirya wannan ba.

Awon yana da iyaka, kuma masu shi ba sa ɓoye ta. Rangaji shi kaɗai ba ya ba da cikakken nauyi, mafi ƙarancinsa yake bayarwa, don ba a san yadda hanyar duniyar ta karkata a gabanmu ba sai in ta gilma. Ba ya faɗin ko akwai iska, balle ruwa, balle rai. In aka ce duniya tana yankin da ruwa zai iya zama, nisanta da tauraro kurum ake nufi. Jajayen taurarin nan kuma masu faɗa ne, sukan yi aman wuta mai ƙarfi da zai iya kwashe iskar duniyar da ke kusa da su. Madubin James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 kuma da hasken bayan ja yake aiki, ya auna hucin TRAPPIST-1 b, ta farkon nan cikin duniyoyi bakwai, a 2023 ta hanyar lura da yadda hasken ke raguwa in ta ɓuya a bayan tauraronta. Ya samu kusan digiri 230 a gefenta na rana, abin da ya fi dacewa da busasshen dutse marar iska mai kauri. Wannan ba labarin da masu neman tagwayen duniyarmu suka so ji ba ne, amma shi aka buga. A nan ne tababar 'yan'uwana take da wurin zama: a tuhumi kanun labari da zanen teku, a tuhumi ikirarin alamun rai irin wanda aka yi a kan duniyar K2-18 b, wanda masana da yawa suka ƙi amincewa da shi. Samuwar duniyoyin kuwa wani abu ne dabam.

Wani abin da nake so matasanmu masu karatun kimiyya su sani shi ne, waɗannan alƙaluma ba a kulle suke ba. A 2023 masu CARMENES sun saki kusan awo 20,000 na taurari 362 a intanet kyauta, hukumar Turai mai kula da madubai a Cile ita ma tana buɗe rumbunta ga kowa bayan shekara guda da yin awo. Ɗalibin fizis a Kano ko Zariya ko Yamai, in yana da kwamfuta da ɗan sanin lissafi, yana iya sauke awon tauraron Teegarden, ya jera gudun a kan kwanaki, ya nemi zagayen kwana 4.9 da na 11.4 da kansa. In bai same su ba, yana da abin rubutawa, kuma za a karanta.

Game da hoton da ake nema kuwa, ana kan hanya, ko da yake ba irin na mai zane za a samu ba. A kan dutsen Cerro Armazones da ke hamadar Atakama ta Cile ana gina madubi mai faɗin mita 39, wanda ake sa ran zai fara aiki wajajen 2030. Proxima b ba ta gilmawa ta gaban tauraronta, don haka dabarar dushewa ba ta aiki a kanta. Abin da ake shiryawa shi ne a danne hasken tauraron, a tsamo ɗan ɗigon da ke gefensa, a warware shi, a nemi layukan tururin ruwa da iskar shaƙa waɗanda gudun duniyar ya gusar da su daga na tauraron da kuma na samanmu. Cikin na'urorin da ake ƙerawa don wannan madubi akwai masu aiki da hasken bayan ja, kuma Proxima b tana sahun farko na abin da za a nufa da su.